Daga Satar Rake zuwa Riƙon Gida a Ɗan Barto

Ɗan Barto shi ne zangon ƙarshe a ƙasar Nijar ga wanda ya baro Takeita, ya bi kwalta ta Matameye ya nufi kudu. Da ka wuce shingen duwan sai Kwangwalam, daga nan sai Daura. Turawan Faransa da na Ingila ne suka kafa alamomin wannan iyaka tsakanin 1906 da 1908, amma ba su iya raba dangi ba. Yaro yakan tashi kakarsa ta wajen uwa tana ƙasar Mai'aduwa, gwaggonsa tana aure a Kantche, kuma ya san bambancin naira da sefa tun bai gama famfara ba. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa, gawo ya cika gonaki, ga kuma fadamu inda ake noman rake da rogo da kayan lambu.

Dattawan wannan yanki ba sa ɓoye ƙuruciyarsu. Mutumin da yau ake kai wa ƙarar iyakar gona, ko wanda yake jan sallah a masallacin unguwa, in hira ta yi daɗi zai gaya maka gonar wanda suka addaba da jakin wanda suka sace suka yi sukuwa, yana faɗi yana dariya har da hawaye. Ba ya jin wannan ya rage masa girma. A wurinsu ƙiriniya wani mataki ne da ake takawa a wuce, kuma gari ya tanadar mata lokaci da iyaka da mai tsawatarwa.

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Da damina yara maza suna bayan awaki, nesa da idon manya, sai a kama akuyar wani a tatse a ƙoƙo, ko a shagala da wanka a tafki har dabbobi su faɗa gonar wake. Da kaka gyaɗa ce ke shan wahala: a tuge gindi biyu uku a gefen gona, a haɗa wutar kara a babbake, a koma gida baki baƙi ƙirin ana rantsuwa ba a ci komai ba. Da sanyi ya shigo sai hankali ya koma fadama, domin lokacin ne rake yake nuna. Akwai mai gadi, akwai mai rarrafe cikin shinge, akwai ƙaramin da ake bari a bakin hanya ya yi fito in ya hango mai lambu. Da bazara kuwa sai farautar gafiya da karnuka, harbin kurciya da danƙo, jifan goruba da kanya, da dare a hallara a dandali a yi langa da kokawa har sai an ji muryar wani babba daga zaure.

Duk da haka akwai ƙa'idar da kowane yaro ya sani ko da ba a zaunar da shi an karanta masa ba. Abin da ka ci a wurin, cikinka ya ɗauka, ƙuruciya ce. Abin da ka ɗaure ka kai kasuwa, ko ka shiga rumbu ka ɗebo, ko ka zaro daga aljihun wani, wannan sata ce, kuma sunanta yana bin mutum har ranar da za a je nema masa aure. Haka nan ba a taɓa kayan makaho, ba a jifan mahaukaci a ce wasa ne, ba a zagin tsohuwa. Mai lambu zai iya yafe kara biyu na rake, amma ba zai yafe karya masa shinge a bar dabbobi su shiga ba, domin wannan hasarar shekara ce. A ganina wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin tarbiyyar gaba ɗaya, saboda tana koya wa yaro auna nauyin laifi tun kafin ya san sunan alƙali.

In an kama yaro, tambayar farko ita ce, “Kai ɗan gidan wa ne?” Sau da yawa mai tambayar ya sani sarai, so yake yaron ya furta sunan ubansa da bakinsa a cikin wannan hali. Daga nan ko ya ja masa kunne, ko ya zuba masa tsumagiya biyu, ko ya riƙe hannunsa har ƙofar gidansu. Uban da ya san ya kamata ba ya fitowa da faɗa. Cewa yake yi, “Allah ya saka da alheri, ai ɗanka ne, da ka ƙara masa.” Wani uban ma sai ya tura yaron gonar mutumin ya yi masa yinin noma ko ban ruwa. Wannan horo ya fi bulala tasiri nesa ba kusa ba, don yaron da ya yini yana jan guga a lambu ya san abin da karan rake ɗaya ya ci kafin ya tsaya da ƙafarsa. Duka kam ana yi, a gida da makarantar allo da lakwal, kuma akwai inda yake wuce kima. Ban taɓa yarda cewa dorina ce ta gyara mutanen nan ba. Abin da ya gyara su shi ne sanin cewa duk inda suka juya akwai idon da ya san su, ya san iyayensu, kuma yake jin yana da haƙƙi a kansu.

Cikin gida ma an raba aikin. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, shi ya sa sau da yawa bayan yaye akan kai shi wurin kaka, wani lokaci ya zauna can har ya girma. Uba da 'yan'uwansa maza su ne masu tsare gida, ana gaishe su a durƙushe, ba a haɗa ido da su. Kawu, ɗan'uwan uwa, shi ne mai sassauci, wurinsa ake gudu in an yi laifin da ake tsoron komawa gida. Kaka kuwa abokiyar wasa ce. Tana kiran jikanta namiji “angona” ko “mai gidana”, tana yi masa gorin bai kawo cefane ba, in an biyo shi da bulala ta tare ƙofar ɗakinta ta ce, “Ku bar mini mijina.” Amma ita ce kuma za ta zaunar da shi da dare, bayan ya ci ɗumamen da ta ɓoye masa, ta ce, “Mai gida, abin da ka yi yau bai yi kyau ba.” Maganar da ba ta shiga da tsawa takan shiga a nan. A bakinta yake jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, inda wayo yake burge mai sauraro kafin haɗama ta kai mai wayon ta baro. Ga kuma taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda al'ada ta halatta musu tsokanar juna da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. A wurinsu yaro yake koyon a faɗa masa magana mai zafi ya yi dariya.

Watan azumi yana da nasa matsayi. Daga kwana goma ga wata yara suke fita tashe bayan shan ruwa, gida-gida. Wani ya manna gemun auduga ya riƙe sanda yana tafiyar tsoho, wani ya yi rawani da buzu yana kwaikwayon malami, 'yan mata su shirya wasan zaman aure da kishi. Wata ɗaya ne a shekara da ake ba yara dama su nuna wa manya halinsu a fili, kuma manyan su biya da hatsi ko kuɗi. Bayan an gama zagaye sai rabo, kuma rabon nan makaranta ce: wanda aka ba riƙon jaka ya ci amana, baɗi ba mai sake ba shi.

Kaciya akan yi ta da hunturu, yara sa'o'in juna a tare, wanzami ya yi aikinsa, a yi jinyarsu wuri ɗaya ana ba su abinci mai kyau. Daga nan ake fara ce wa yaro, “Kai fa yanzu ka girma.” Amma girman gaske yana zuwa ne ta hanyar abin da aka damƙa masa. Tun yana ƙarami za a nuna masa akuya ko tunkiya a ce tasa ce: shi zai yi mata ciyawa, shi zai tara mata 'ya'yan gawo da harawa don rani, in ta haihu nasa ne, in ta ɓata shi za a tambaya. In ya kai ƙarfin riƙe hauya ya shiga gandu tare da ubansa da yayyensa. Daga baya a yanka masa gamana, ɗan yankin gona na kansa da yake nomawa bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu ya yi sutura, ya fara tarin aure. Yarinya kuma tun tana shekara shida ko bakwai ake ɗaura mata ƙanenta a baya, ta koyi surfe da daka da ɗebo ruwa, ta ɗauki tallar fura ko ƙuli-ƙuli. Ita ma tana da tata ƙiriniyar: ta ajiye tire ta shiga gaɗa, ta dawo lissafi bai cika ba. Uwa ta yi faɗa, gobe ta sake ɗora mata, domin daga ribar nan ake tara mata kayan ɗaki, kuma yarinyar ta san haka.

A da samari suna da sarkinsu, 'yan mata suna da shugabarsu. Su ke kiran gayya, su ke tsara wasan dandali, su ke cin tarar wanda ya yi rashin kunya. Sau da yawa wanda ya fi kowa ƙiriniya shi ake naɗawa, don shi ne ake jin maganarsa, kuma nauyin yakan kwantar da shi. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta ɗauki wannan tsari na samariya ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya, aka riƙa gina azuzuwa da dashen itatuwa da ƙarfin matasa. Ya dushe bayan taron ƙasa na 1991, sai fada ta maye gurbinsa, inda samari suke zama a kan tabarma ana dafa shayi. Akwai fadar da take sharar unguwa, take tara gudummawa in ɗanta zai yi aure ko ya kwanta ciwo. Akwai kuma wadda ba abin da ake koya a cikinta sai shan tramol.

Abin da ya fi girgiza wannan tsari shi ne ƙarancin ƙasa. Yankin Kantche yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta ga 'ya'ya, an sake rabawa ga jikoki, har ta kai uba ba shi da abin da zai yanka wa ɗansa. Saurayin da ba shi da gamana sai ya dubi iyaka. Babur ɗaya da jarkokin fetur ko buhun shinkafa ta hanyar daji suna kawo masa a mako abin da gona ba ta bayarwa a wata, kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun ƙara wa hanyar daji daraja. Ba na zargin yaron da ya fita neman abin da gidansu zai ci. Amma ɗan shekara goma sha biyar da yake ciyar da gida, wa zai ja masa kunne? Uban da ya karɓi kuɗin cefane daga hannunsa da safe ba ya iya tambayarsa inda ya kwana.

Mafi ciwo ita ce hanyar Aljeriya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kantche suka fito, wanda Ɗan Barto take cikinsa. Tun daga Disamban 2014 Aljeriya take maido da 'yan Nijar ayari-ayari, kuma mata da yaran wannan yanki suna da yawa a ciki. Tsohuwar al'adar riƙo, wadda ake ba gwaggo ko inna yaro don ta raine shi, ita ce wasu suka juya suka mai da ta hanyar ba da yaro a tafi da shi bara. Yaron da ya yi shekarun ƙuruciyarsa yana miƙa hannu a titin Tamanrasset bai yi tashe ba, bai riƙe akuya ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa ɗan gidan wa ne. An raba shi da wasa da horo a lokaci guda, kuma ba laifinsa ba ne.

Iyaye da yawa sun ƙi wannan hanya duk da talauci, kuma sun nemi abin da zai tsaya a madadin gona. Uwa takan ɗauki kuɗin adashi ta saya wa ɗanta ɗan akuya. Uba yakan kama hannun yaro bayan ya taso daga lakwal ya kai shi wurin tela ko bakanike ko mai faci a Matameye, ya ce, “Ga ɗanka nan, ka riƙe shi kamar yadda za ka riƙe naka.” Mai sana'ar ba ya fara koya masa aiki. Aike yake farawa da shi, ya ba shi kuɗi fiye da na sayayyar, ya ga ko canji zai dawo daidai. Sai ya bar shi da shago na ɗan lokaci, sai ya bari ya karɓi kuɗi daga hannun mai kawo aiki, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya miƙa masa mabuɗi. 'Yan mata ne har yanzu ba a samar wa irin wannan ƙofa da yawa ba. Wadda aka cire daga lakwal tana shekara goma sha uku, talla ce a gabanta sai aure, alhali ita ce za ta raini yaran da ake magana a kansu.