Yadda karanta wa yara labari ya taso daga masallaci ya isa sansanonin gudun hijira

Da yawa daga cikinku kan zo ofishin kariya da kuka guda: yaron da ya fara haɗa baƙi a gida ya manta tun da aka gudo. Shi ya sa muka kawo muku tarihin wani shiri mai suna We Love Reading, ma'ana "muna son karatu".

Wata malamar jami'a ce 'yar ƙasar Jodan, Dakta Rana Dajani, ta kafa shi a 2006. Bayan ta dawo daga karatu a Amurka, ta lura yaran unguwarsu ba sa ɗaukar littafi sai don jarrabawa. Ta gane dalili: ba wanda yake karanta musu labari suna ji. Sai ta nemi izini a masallacin unguwarsu a birnin Amman, ta riƙa tara yara tana karanta musu da murya, in an tashi ta ba su aron littafi su kai gida.

Da yara suka yawaita, ta fara horar da maƙwabta, galibinsu mata, kowacce ta buɗe nata zaman. Ba albashi, ba ginin laburare. Wannan sauƙin ne ya kai shirin sansanin Za'atari na 'yan gudun hijirar Siriya, inda mazauna wurin da kansu suka zama masu karatun, sannan ya kai ga 'yan Sudan ta Kudu a yankin Gambela na Habasha. A 2017 ya sami kyautar UNESCO ta yaƙi da jahilci, a 2020 kuma HCR ta ba Dakta Rana kyautar Nansen ta yankin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka.

Me ya sa abin ke aiki? Yaron da ke jin labari yana tara kalmomi, yana koyon natsuwa, har ya so sanin abin da ke cikin takardar da kansa. Wanda ya ga tashin hankali a hanya kuma, zama kusa da babban da ya amince da shi yana kwantar masa da rai. Mu da muka tashi da tatsuniyar kaka mun san haka.

Don haka kada mu jira wata ƙungiya. Duk wanda ya iya karatu, boko ko ajami, ya ware lokaci sau ɗaya a mako. A zauna da rana, a fili inda kowa ke gani, da sanin iyaye. Kada a bar 'yan mata a baya saboda ɗiban ruwa ko talla. Wanda bai iya karatu ba ya yi tatsuniya, ko ya sa yaron ya karanta masa.

Mai son farawa ya zo ofishin kariya mu tattauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana su.