Kiɗan Jaz: Daga Dandalin Bayi Zuwa Duniya Baki Ɗaya

An haifi kiɗan jaz a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Tun zamanin bauta, bayi kan taru ranar Lahadi a dandalin Congo Square su yi kiɗa da rawa. Daga wannan gado jaz ya ɗauko salon waƙa da amshi, inda wani makaɗi ke jefa kiɗa, sauran su amsa masa.

Sai dai tun daga farko, riba da suna ba su cika komawa ga masu abin ba. Faifan jaz na farko da aka fitar a 1917, ƙungiyar fararen fata ce ta yi shi. A 1927 Duke Ellington ya fara kiɗa a gidan rawa na Cotton Club da ke Harlem, inda baƙar fata ke kan dandamali amma ba a barin 'yan'uwansu su shiga kallo.

Louis Armstrong ne ya sauya akalar kiɗan da faya-fayan da ya fara yi a 1925, inda mai busa ƙaho ɗaya ke fitowa ya ƙirƙiri kiɗa nan take. Bayansa manyan ƙungiyoyin salon swing suka mamaye gidajen rawa. A shekarun 1940 Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suka ɓullo da bebop, kiɗa mai sauri da wuyar kwaikwayo, na saurare ba na rawa ba. A 1959 Miles Davis ya sassauta shi a faifansa Kind of Blue.

Wariyar launin fata ta sa wasu makaɗan suka koma Faransa, kamar Sidney Bechet, wanda ya rasu can a 1959. Kiɗan ya kuma dawo gida Afirka. Armstrong ya ziyarci Accra a 1956, Fela Kuti ya haɗa jaz da highlife ya samar da afrobeat, Manu Dibango na Kamaru kuwa ya fitar da Soul Makossa a 1972. Da Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙar ba izini, Dibango ya kai ƙara, daga baya suka sasanta a wajen kotu aka biya shi.