Faifan Ƙarfe da Bayan Mai Ɗaga Shi

A unguwannin birnin Katsina, samari kan zuba siminti cikin gwangwani, ko su zura tsofaffin ƙarafan mota a sanda, su riƙa ɗagawa. Abin da suka rasa shi ne ƙananan faifai. Wanda ya ƙara kilo 10 a kowane gefe, ya ɗora wa kansa kilo 20 ke nan gaba ɗaya. Daga nan sai ya koyi fizga da lanƙwasa baya, alhali jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi ba ta saurin ƙarfafa kamar tsoka. Tun 1945 likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna amfanin ƙara nauyi sannu a hankali. Ko a gasar duniya ma, ana ajiye faifai mai rabin kilo kusa da jan nan mai kilo 25.