Na'ura, Layi da Tsohon Abokin Ciniki: Muhawarar Masoya Dandalin Disney

Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata muhawara da ta daɗe tana gudana a ƙasar Amurka tsakanin masoya wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney. Muhawarar ta ta'allaƙa ne a kan tambayoyi biyu. Ta farko, maƙudan kuɗin da kamfanin yake zubawa wajen ƙera sababbin na'urori, don amfanin wa ake zuba su? Ta biyu, mene ne matsayin mutumin da ya shekara ashirin ko talatin yana zuwa wurin, idan an auna shi da wanda ya zo sau ɗaya tak, ya kashe kuɗi, ya kama gabansa? Wani zai ɗauka zancen wasan yara ne. Amma ɗalibin tattalin arziki, da ma'aikacin da jama'a ke bin layi a gaban teburinsa, za su tarar da abin lura a ciki, domin magana ce ta yadda ake raba abin da bai isa kowa ba.

Asalin dandalin

Walt Disney ya buɗe dandalinsa na farko, watau Disneyland, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955. A shekarar 1971 kamfanin ya buɗe na biyu, Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida. Abin da ya bambanta waɗannan wurare da filin lilo na yau da kullum shi ne, kowane sashe an gina shi ne a kan wani labari, ta yadda mai ziyara zai ji kamar ya faɗa cikin tatsuniya ko cikin majigi.

Da farko kuɗin shiga Disneyland dala ɗaya ne ga babba, sa'an nan kowane abin hawa da nasa tikitin. An kasa tikitocin bisa haruffa, daga A har zuwa E, mai harafin E shi ne na abubuwan da aka fi rububi. A shekarar 1982 aka soke wannan tsari, aka koma tikiti guda wanda ya ba mutum damar hawan duk abin da ya ga dama. Daga nan mai hali da marar hali suka zama ɗaya a layi, wanda ya riga zuwa shi ke riga hawa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka fara sayar da tikitin shekara, wanda ya haifar da wani rukuni na mutane, galibinsu mazauna kusa, masu zuwa a kai a kai har dandalin ya zame musu kamar ƙofar gida.

Na'ura iri biyu

Kafin a fahimci muhawarar, wajibi ne a rarrabe tsakanin na'urori iri biyu. Iri na farko shi ne na'urar burgewa, wadda aikinta shi ne ta ba mai kallo mamaki. Alal misali, jirgi mai tafiya a kan dogo ɗaya da aka kafa a Disneyland a 1959, da mutum-mutumin shugaba Abraham Lincoln mai miƙewa tsaye ya yi jawabi, wanda kamfanin ya nuna a bajekolin duniya na birnin New York a 1964. A kan irin wannan masoya ba su cika yin ƙorafi ba, don kuwa ita ce ta fara jawo su.

Iri na biyu shi ne na'urar lissafi, wadda aikinta ƙidaya mutane da tsara zirga-zirgarsu. Dalilin samuwarta a fili yake. Kowane abin hawa yana da iyakar yawan mutanen da zai iya ɗauka a cikin awa guda, kuma babu dabarar kwamfuta da za ta ƙara masa kujera. A ɗauka wani yana ɗaukar mutum 2,000 a awa. Idan aka keɓe 1,000 ga waɗanda aka ba izinin wuce layi, to saura 1,000 kaɗai ga sauran jama'a, sai layinsu ya riƙa tafiya da rabin saurinsa. Ashe ke nan na'urar lissafi ba ta kashe jira, sai dai ta sauke shi daga kan wani ta ɗora wa wani.

Daga kyauta zuwa saye

A shekarar 1999 kamfanin ya fito da FastPass. Mutum zai je ga wata na'ura, ta ba shi 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo ya hau ba tare da dogon jira ba, kuma ba a karɓar ko sisi. A 2013 aka fara wani babban shiri a Fulorida mai suna MyMagic+, wanda rahotanni suka ce ya ci kimanin dala biliyan ɗaya. Jigon shirin wata munduwa ce ta roba mai suna MagicBand, wadda ke aiki da siginar rediyo. Da ita mutum ke shiga dandali, ya buɗe ɗakinsa na otal, ya biya kuɗin abinci. Haka kuma aka ba mai masauki a otal ɗin kamfanin damar kama gurbin abubuwan hawa uku tun saura kwana 60 ya zo, sauran mutane kuwa kwana 30.

Tun a nan aka fara ce-ce-ku-ce. Masoya da dama suka ce da wannan kuɗi an gina sababbin abubuwan hawa da su, da an ƙara kujerun da ake faɗa a kai. Suka riƙa nuni da kamfanin Universal, abokin hamayya a birnin na Orlando, wanda ya buɗe sashen Harry Potter a 2010 jama'a suka yi ta tururuwa. Bugu da ƙari, munduwar ba hidima kaɗai take yi ba. Tana sanar da kamfani inda mai ita ya shiga, da abin da ya hau, da abin da ya saya.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta tilasta rufe wuraren duka biyu. Da aka sake buɗewa, FastPass bai dawo ba, sa'an nan aka wajabta wa kowa ya nemi gurbin shiga tun kafin ranar zuwansa. A watan Janairu na 2021 aka daina ba masu masauki munduwa kyauta, aka kuma soke tsohon tikitin shekara na Disneyland, daga baya aka maye gurbinsa da Magic Key. A watan Oktoba na shekarar aka ƙaddamar da Genie+ a Fulorida, watau wuce layi ta hanyar manhajar waya, a kan dala 15 a yini, farashin da ya haura dala 30 a ranakun cunkoso kafin a sake masa suna da fasali a 2024. A takaice, abin da aka shekara fiye da ashirin ana bayarwa kyauta ya koma na sayarwa.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan kamfani suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa wuri ya cika, kuma mai tikitin shekara ya biya sau ɗaya amma yana tare gurbi sau talatin ko arba'in. A gidansa yake kwana, sau da yawa a gidansa yake cin abinci. Iyalin da suka taso daga nesa kuwa sun biya otal, da abincin mako guda, da tsaraba. Bob Chapek, wanda ya shugabanci kamfanin daga 2020 zuwa 2022, ya faɗi a fili cewa mai zuwa daga nesa ya kwana biyar ko bakwai ya ɗan fi mai tikitin shekara amfani ga kasuwancin. A 2022 kamfanin ya sanar cewa abin da kowane mai ziyara ke kashewa ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari bisa na 2019. Har ila yau suna cewa tsohon tsarin ma ba adalci ne tsantsa ba, domin 'yan gida su suka san lungu da saƙonsa, su ke kwashe gurabe, baƙon da ya yi shekaru yana tari ya yini a rana.

Masoya na dindindin kuwa cewa suke yi an yi musu irin ta ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Su ne ke cika wurin a watannin da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Su ne ke jawo dangi da abokai, su koya wa 'ya'yansu son wurin, 'ya'yan kuma su girma su kawo nasu. Wannan fushi har kotu ya kai. Masu riƙe da tikitin Dream Key na dala 1,399, wanda aka tallata cewa babu ranar da aka toshe masa, sun tarar ranaku da yawa ba a ba su gurbi alhali ana sayar wa masu tikitin yini. Aka shigar da ƙara a 2021, kamfanin ya amince da sulhu na dala miliyan 9.5 a 2023.

Baƙo da ɗan gida

Akwai abin lura ta fuskar harshe. Kamfanin bai saba kiran mai ziyara da sunan abokin ciniki ba, da kalmar Ingilishi mai ma'anar baƙo yake kiransa, watau wanda ake karramawa. Shekara da shekaru yana amfani da harshen zumunci da na iyali wajen talla, har mutane suka ɗauki maganar da gaske. Ranar da suka ji an yi musu magana da harshen akanta, sai suka ga kamar an warware alkawari. Duk mai zuwa kasuwa ya san gyaran da mai awo ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa. Gyaran ba shi da yawa, amma ranar da aka hana shi, mai saye ya san an sake masa matsayi.

A nan ne iyakar na'urar lissafi take. Tana iya faɗin abin da mutum ya kashe yau har zuwa kwabo. Ba ta iya faɗin mutum nawa ya jawo cikin shekara goma, ko nawa zai hana zuwa idan ya yi fushi. To, abin da ya shiga takardar lissafi shi ake gani a zauren taro, wanda bai shiga ba kuwa sai a ɗauka babu shi.

Alamu sun nuna kamfanin da kansa ya farga. A watan Nuwamba na 2022 aka sauke Chapek aka maido da Bob Iger, kuma a Janairu na 2023 aka dawo da ajiye mota kyauta a otal-otal na Fulorida, aka sassauta wa masu tikitin shekara sharaɗin neman gurbi. A shekarar ne aka rufe otal ɗin Star Wars, wanda kwana biyu a cikinsa ke cin kusan dala 5,000 ga mutum biyu, bai ko cika shekara biyu da buɗewa ba. A Satumba na 2023 kuma kamfanin ya sanar da shirin kashe kimanin dala biliyan 60 cikin shekara goma a kan wuraren shaƙatawa da jiragen ruwansa. Sai dai sayar da wuce layi bai gushe ba, a 2024 ma an fito da wani nau'i wanda farashinsa ya kai dala 400 a yini.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tambayar da ta dace a yi game da kowace sabuwar na'ura ita ce: shin ta ƙara yawan abin da ake rabawa ne, ko kuwa ta sake jera masu jira ne kawai? Idan ta ƙara, kowa ya amfana. Idan jerawa kurum ta yi, to wajibi ne a san wa aka tura baya, kuma da wace hujja. Masu hannun jari suna da haƙƙin neman riba, kuma baƙo mai zuwa daga nesa yana da haƙƙin ya more kuɗinsa. Amma hukumar da ta auna mutanenta da cinikin yini guda kaɗai za ta iya yin riba shekaru da yawa kafin ta gane abin da ta zubar, domin da tsohuwar zuma ake magani.