Idan tiyatar hanyar fitsarin yaro ta warware, gaggawar sakewa na ƙara ɓata aikin

A ƙasar Kurfai, kamar sauran karkarar Filinge, wanzami ne kan fara lura da matsalar: yaro ya zo kaciya, sai a ga ƙofar fitsarinsa ba ta a kan kaciyar, tana ƙarƙashin gaba, wani lokaci har kusa da maraina. Likitoci na kiran wannan lalura hypospadias, kuma tana samun kusan yaro 1 cikin 200 zuwa 300. Haka aka haife shi, babu laifin uwa.

Tiyata ce maganinta, an fi so a yi ta tsakanin wata 6 zuwa 18 da haihuwa. Sai dai ba kullum take kamawa ba. Ɗinki kan warware, ko wata 'yar kafa ta ɓulle fitsari ya riƙa fita ta wuri biyu, ko sabuwar hanyar ta tsuke yaro ya riƙa nishi kafin ya yi fitsari.

A nan ne iyaye ke ruɗewa, musamman idan ɗan'uwa da ke ci-rani a Kwatano ko Legas ya turo kuɗi yana cewa a sake aikin gobe-gobe. Likitocin tiyatar yara kan jira aƙalla wata 6, domin tabo ya yi laushi, jini ya koma gudana a fatar. Kowane aikin da ya lalace yana cinye fata mai kyau, ya bar tabo, na gaba ya fi shi wuya. Amma idan fitsari ya tsaya cak, wannan ba abin jira ba ne.

Idan fata ta ƙare, ana yanko tattausar fatar cikin kunci ko leɓe a dasa, bayan kamar wata 6 a naɗe ta ta zama bututu. Likitan Birtaniya Aivar Bracka ne ya yaɗa wannan aiki mai zango biyu a 1995. Aiki ne na ƙwararru, don haka ɗan Filinge sai ya yi tafiyar kusan kilomita 180 zuwa Yamai, inda asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde ke da sashen tiyatar yara. A tafi da duk takardun aikin baya.

Wanda kuma ba a taɓa yi wa aiki ba, kada a yi masa kaciya tukuna. Likita na iya buƙatar loɓar nan wajen gyaran hanyar.