Shirin Ɗumama Ɗaki Kafin Hunturu

Da zarar an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, sai magidanta a Batsari da Safana su fara sauraron baƙon da ba ya saɓa alkawari, wato hunturu. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa. Ita ce ke kawo hazo da jaura da faso. A wannan lokaci ne ake jawo kaskon wuta cikin ɗaki. To, ya kamata mai karatu ya sani cewa wutar da ke korar ɗari tana iya ɗauke rai ba tare da ta ƙona ko zare ɗaya ba.

Me Ya Sa Dare Ke Sanyi?

Da rana ƙasa takan sha zafi, da dare kuma ta mayar da shi sama. A damina, gajimare da laimar da ke cikin iska sukan tare wani kaso na zafin nan, tamkar bargo. A hunturu kuwa gajimare ya ɗauke, laima ta yi ƙaranci, saboda haka zafin sai ya tsere. Shi ya sa da asubahin Janairu a ƙasar Katsina ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 13, alhali da azahar yana kusantar 30.

Haka ɗaki ma yake asarar zafinsa. Bango mai kauri na ƙasa da rufin soro sukan adana zafin rana, su riƙa sakin sa a hankali cikin dare. Kwano kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi, nan da nan yake huce wa. Don haka shirin farko ba na wuta ba ne, na gini ne. Tun a watan Oktoba a yaɓe tsagar bango, a sa silin ko a shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwano, a rataya labule mai kauri a ƙofar da ke fuskantar gabas ko arewa, a kuma shimfiɗa tabarma a kan siminti. Ɗakin da ke riƙe zafinsa ba ya bukatar gawayi mai yawa. Wannan riba ce ga aljihu, haka kuma ga Dajin Rugu, wanda sarar itace ta daɗe tana cinyewa, matsalar tsaro kuma ta sa shigarsa ta zama kasada.

Guba Marar Wari

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Idan oksijin ya wadata, gawayi yakan ƙone sosai. Idan kuwa ya yi ƙaranci, kamar a ɗakin da aka toshe ko'ina, sai garwashi ya riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutane da yawa sun ɗauka cewa in hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, haɗari ya wuce. Ba haka ba ne. Hayaƙin ne ya ƙare, gubar tana nan tana fita.

A 1857 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Claude Bernard, ya bayyana yadda take yin illa. A cikin jini akwai sinadarin himoglobin, mai dakon oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid takan manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu. Alamomin su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Jarirai da tsofaffi da masu juna biyu su ne kan gaba wajen jikkata.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. Kamar yadda kakanninmu ke zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, haka mutanen Koriya ke ɗumama daɓen ɗaki da wuta ta ƙarƙashi. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da suke amfani da curin kwal, gubar ta riƙa bi ta tsagar daɓe tana halaka iyalai cikin barci, har suka koma ga bututun ruwan zafi.

Matakan Kariya

A hura gawayi a tsakar gida, a sha ɗumi kafin kwanciya, sannan a fitar da kaskon a kashe wutar. A bar taga ko wata kafa a buɗe muddin akwai wuta a ɗaki. A nisanta kasko daga katifar soso da gidan sauro da galan ɗin fetur, domin a hunturu komai ya bushe, iska kuma tana fifita gobara. Janareta ma irin gubar nan yake fitarwa, saboda haka wurinsa waje ne, nesa da taga.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kada a ce shafar aljanu ce. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, domin yana iya shaƙewa.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai tushen maganar a aji: a kunna kyandir, a kifa masa kwalba mai faɗin baki, a ga yadda harshen wutar ke raguwa har ya mutu. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa, ya kai labari gida kafin jaura ta kaɗa, domin rigakafi ya fi magani.