Ciwon da Awon Jini Ba Ya Nunawa

Masu shagon magani a Kafanchan sun san wani irin mai ciniki sarai. Yakan shigo ya ce kansa na sarawa, jikinsa ya mutu, wani lokaci kamar akwai abin da ke yawo a ƙarƙashin fatarsa. Ya sha maganin zazzaɓi har sau biyu, ya sha na taifod, an ɗebi jininsa ba a ga komai ba. Sai an ja shi da hira tukuna yake faɗin abin da ya fi kusa da gaskiya: "Tunani ne ya yi mini yawa. Ba na barci."

Likitoci suna kiran irin wannan ciwon damuwa ko ciwon fargaba. Jama'a kuwa suna gudun a ce musu lafiyar ƙwaƙwalwa, domin da an ambace ta sai hoton mahaukacin bakin kasuwa ya faɗo musu a rai. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu suna zuwa gona, suna koyarwa a aji, suna sayar da kaya, babu mai ganewa. A wuraren da rikici ya shafa, ƙiyasin hukumar ya haura zuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar.

Kudancin Kaduna na cikin irin waɗannan wurare, wannan ba ɓoyayye ba ne. Dattawa suna tuna rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Matasa sun tashi da labarin tarzomar bayan zaɓen 2011, kuma a watan Maris na 2022 an kai hari yankin Kagoro, aka kashe fiye da mutum 30. Ana cikin haka, a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ta ruɓar da abin da manoma da yawa suka ci bashi suka shuka. Wanda ya kwana a daji don tsira da ransa da wanda ke ɓuya daga mai binsa bashi, duk dare ɗaya suke yi: ido biyu har asuba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke jihar yana Barnawa a cikin garin Kaduna, tafiyar sa'o'i daga Kagoro, ga kuɗin mota. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta haifar da likita a dare ɗaya. Don haka abin da mutum ke yi daga wayewar gari zuwa kwanciya ya zama babban abu, kuma abin mamaki, da yawa daga cikin shawarwarin da masana ke bayarwa yau, Kagoro ta daɗe tana yin su ba tare da ta sa musu suna ba.

A fara da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin sa'a sau biyar. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ da ke Birtaniya ta haɗa sakamakon bincike 218, ta gano cewa tafiya da sauri, sassarfa, ɗaga abu mai nauyi da rawa duk suna rage ciwon damuwa. Dalilin ba bokanci ba ne. Motsi na sauke sinadaran tashin hankali da ke taruwa a jini, yana gajiyar da jiki yadda barci zai zo da kansa, yana kuma katse zaren tunanin da ke ta nannaɗe mutum idan ya zauna shi kaɗai.

Matar da ke hawa dutsen Kagoro da kaya a ka, ko manomin da ke taka sayyada zuwa fadama da sassafe, sun cika wannan ƙa'ida tun kafin Laraba. Matsalar tana wajen malamin makaranta, da ma'aikacin ofis, da ɗalibin da ke kwalejin Gidan Waya ko harabar jami'ar jiha a Kafanchan, waɗanda acaba da keke napep suka raba da tafiya. Akwai mai hawa babur don ya sayo katin waya a kan layinsu! Irin wannan ba ya buƙatar takalmin gudu. Ya sauka nesa da gida kaɗan ya ƙarasa da ƙafa, ko ranar Asabar ya ja abokai su nufi ruwan Matsirga. Rawa kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a filin bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ya ga tsofaffi suna juyi da ƙura har gwiwa, ya san ba sai an koya wa mutanen nan ba. Illa dai Afan sau ɗaya yake zuwa a shekara, damuwa kuwa ba ta duba kalanda.

Barci ya fi wuyar sha'ani. Babba na buƙatar sa'a bakwai ko fiye, kuma rashin barci da damuwa kamar kaza da ƙwai ne, kowanne na haifar da ɗan'uwansa. A ƙauyen da maza ke sintiri da dare, ba za a ce wa mutum ya kwanta ƙarfe tara ba. Abin da ya fi shi ne a raba dararen gadi tsakani da Allah, kada mutum ɗaya ya yi uku a jere. Amma a gidaje da dama abin da ke sace barci waya ce. Ana kwance ana bin bidiyon gawarwaki a WhatsApp, wasu ma na wata ƙasa ne ko na shekarun baya, zuciya na bugawa kamar a ƙofar gida abin ya faru. Ajiye waya sa'a guda kafin kwanciya, barin goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari tun la'asar, da tashi a lokaci guda kullum, suna gyara barci fiye da yadda ake zato.

Burkutu da ogogoro suna yaudara a nan. Suna kwantar da mutum da wuri, sannan su tashe shi tsakar dare da tunanin da ya fi na jiya nauyi. Tiramol da kodin sun fi muni. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma ba duka ne neman nishaɗi ya kai su ba. Wasu barci suke nema, wasu mantuwa.

Abinci ba sai an tsawaita ba. Faten acca da gauta da ganye, a ci a kan lokaci, ya fi biskit da lemon kwalba a tsaye.

Inda Kagoro ta fi arziki shi ne zama da mutane. A Zimbabwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006: ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti, su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Sunan ciwon a harshen Shona ma'anarsa daidai take da ta Hausa, wato yawan tunani. Da aka gwada shirin aka buga sakamakon a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, a rukunin da bai zauna da su ba kuwa kusan rabi.

Benci irin wannan akwai shi birjik a kudancin Kaduna. Zumuntar Mata da ke haɗuwa a majami'a da ganguna da tulu, ƙungiyar mawaƙa, zaman bayan sallar Magariba a ƙofar masallaci, adashin mata, gayyar noma inda ake huɗa ana waƙa ana zolaya. Abin da ya rage shi ne iya sauraro. Sau da yawa mai damuwa bai gama buɗe baki ba an rufe shi da "Yi haƙuri, Mama, ki ƙara addu'a," ko "Haba Baba, kai fa namiji ne." Addu'a na da wurinta babba, amma wanda aka ce masa ƙarancin bangaskiya ke damunsa ba zai sake faɗa ba. Wata illar kuma gulma ce: maganar da aka yi a ɗaki ran Laraba, a ji ta a kasuwa ran Asabar. Matan Harare an koya musu su yi shiru su ji, kuma su riƙe sirri. Fastoci da limamai da shugabannin zumunta za su iya koyon wannan cikin 'yan kwanaki, kuma yankin da ke da makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro da kwalejin jinya a Kafanchan bai rasa masu koyarwa ba.

Duk da haka, akwai inda tafiya da hira ke tsayawa. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu ba sassauci, mutum ya daina ci, ya daina wanka, ko yana jin muryoyin da babu mai ji, ko mai jego ta ƙi kallon jaririnta, to lokacin asibiti ya yi. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ba a barinsa shi kaɗai ko na sa'a guda, kuma a kwashe maganin feshi da na ɓera daga gidan, domin a ƙauyukan manoma su ne suka fi kusa da hannu. Daga nan sai babban asibitin Kafanchan, inda za a duba shi, in ta kama a rubuta masa takardar zuwa Barnawa ko asibitin koyarwa na Jos.